John Glover, Baturen da ya ɗauki Hausawa soja a Ikko

Duk wanda ke ɗaukar kaya daga Madarunfa ya bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya ya san sojan Najeriya. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa tushen wannan runduna bayi ne da suka gudu daga iyayengijinsu, da wani Bature mai suna John Glover.

An haife shi a 1829, ya tashi sojan ruwa na Ingila. A 1857 ya shigo kogin Kwara tare da Dakta Baikie, jirginsu ya bugi dutse kusa da Jebba ya lalace. Wannan hatsari ne ya sa ya ratsa ƙasar Yarbawa har Ikko, inda ya tarar da bayi 'yan arewa masu neman mafita.

Da aka ba shi riƙon Ikko a 1863, sai ya tara 'yan kaɗan daga cikinsu, ya ba su bindiga da albashi. Aka riƙa ce musu Hausawan Glover, ko da yake har da Nufawa da Barebari a ciki, Hausa ce kawai ta haɗa su. A ganinmu ba tausayi kaɗai ba ne. Baƙon da ba shi da dangi a gari ba ya jin nauyin kowa in an ce ya buga. Kuma abin da Glover ya fi so shi ne hanyar fatauci ta buɗe, manja da auduga su iso kasuwar Ikko. Shi ya sa a 1865 ya far wa Egbawan da suka yi wa garin Ikorodu zobe.

A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 ya ja Hausawansa ta wajen kogin Volta, sai dai kafin ya isa Kumasi rundunar Wolseley ta riga ta ƙone garin. Daga baya ya yi gwamna a Newfoundland, ya mutu a Landan a 1885.

Rundunar ba ta bi shi kabari ba. Ta zama 'yan sandan Ikko masu ɗauke da makamai, sannan aka shigar da ita cikin babbar rundunar Ingila ta Afirka ta Yamma, wadda reshenta na arewa ya ci Kano da Sakkwato a 1903, mafi yawan sojojin kuwa masu jin Hausa ne. A 1914 aka haɗe reshen kudu da na arewa suka zama rundunar Najeriya, a 1956 aka laƙaba mata sunan Sarauniyar Ingila. Har yau sojan Najeriya daga 1863 suke fara ƙidayar shekarunsu.