Tarihin Clemens von Pirquet, Likitan da Ya Raɗa wa Alaji Suna

Gabatarwa

Bahaushe yana da hanyoyi da dama na bayyana halin da mutum kan shiga idan ya ci wani abinci ko ya sha wani magani jikinsa ya ƙi karɓa. Yakan ce jinin wane bai haɗu da kifi ba, ko jikinsa ba ya son ƙwai, in kuwa fata ta yi ruɗu-ruɗu tana ƙaiƙayi sai ya ce borin jini ne. A asibiti kuma, ko a Dutsen Kura cikin Minna ne ko a Kano, likita mai lura yakan tambayi majinyaci ko yana da alaji kafin ya rubuta masa fenisilin ko saftirin. Wannan kalma ta alaji ararriya ce daga Ingilishi, shi ma Ingilishi daga Jamusanci ya aro ta. Abin da zai ba ɗalibin harshe sha'awa shi ne, yawancin kalmomi ba a san wanda ya fara furta su ba, amma ita wannan an san mai ita, an kuma san shekarar da ya ƙirƙiro ta. Tarihinsa ne za mu duba a wannan maƙala.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Clemens von Pirquet ranar 12 ga Mayu, 1874, a Hirschstetten, wanda a lokacin ƙauye ne a gefen birnin Biyenna ta ƙasar Ostiriya. Kakanninsa daga yankin Liège na Beljiyam suka fito, shi ya sa sunan gidansu ya zama na Faransanci, ba a furta harafin ƙarshe. A bakin Bahaushe Firke zai zama, kuma da haka za mu ci gaba da kiran sa. Gidansu gidan sarauta ne da dukiya. Mahaifinsa ɗan majalisa ne, ƙanensa Guido kuma ya yi suna daga baya a fagen nazarin tafiya sararin samaniya.

Da farko an so ya zama malamin coci, don haka ya karanta ilimin addini a Innsbruck, ya kuma karanta falsafa a Leuven ta Beljiyam. Daga nan sai ya sauya ra'ayi ya koma aikin likita, abin da danginsa ba su yi murna da shi ba, domin a ganinsu aikin bai dace da ɗan babban gida ba. Ya sami digirinsa a Jami'ar Graz a 1900. Bayan ɗan gajeren horo a Balin, ya dawo Biyenna ya kama aiki a asibitin yara na St. Anna ƙarƙashin Farfesa Theodor Escherich, mutumin da ƙwayar cutar nan ta hanji, E. coli, ta ci sunansa.

Cutar Ruwan Jinin Doki

A wancan zamani cutar mashaƙo tana kashe yara ba adadi a Turai. Maganin da Emil von Behring da abokan aikinsa suka samo a shekarun 1890 shi ne a riƙa yi wa doki allurar gubar cutar kaɗan-kaɗan har jikinsa ya ƙera makaman yaƙi da ita, sannan a ɗebi jininsa, a tace ruwan, a yi wa yaro allura da shi. Maganin ya ceci rayuka masu yawa, har aka fara yin irinsa don wasu cututtukan. Sai dai ya zo da tasa matsalar. Yaro zai warke, amma bayan kwana takwas zuwa goma sha biyu sai zazzaɓi ya rufe shi, ƙuraje su feso, gaɓoɓi su yi ciwo, kaluluwa ta fito. Likitoci da yawa sun ɗauka wata guba ce a cikin jinin dokin.

Firke da wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Béla Schick suka zauna a gefen gadajen yaran suna rubuta ranar allura da ranar da alamun suka bayyana. A nan ne suka lura da wani abin mamaki. Yaron da aka taɓa yi wa allurar a baya, in aka sake yi masa, ba ya kai waɗannan kwanaki, nan da nan ko cikin 'yan kwanaki kaɗan jikinsa ke tashi, wani lokaci ma abin ya fi na farko tsanani. To in da guba ce kawai, me zai sa ta jira mako guda a karon farko, ta kuma yi gaggawa a karo na biyu? Amsar da suka bayar ita ce, kwanakin jiran su ne lokacin da jikin yaron ke ɗauka yana ƙera makamansa a kan ruwan jinin dokin, kuma karon da makaman ke yi da wannan baƙon abu shi ne ciwon. A karo na biyu jiki ya riga ya gane baƙon, makamai suna nan a shirye. Sun buga wannan bayani a littafinsu na 1905 a kan cutar ruwan jini.

Mai karatu zai iya ganin maganar ba wuya, amma a lokacin babbar magana ce. Masana sun ɗauki garkuwar jiki a matsayin dogarin da ba ya taɓa juya wa ubangidansa baya. Ga wani matashin likitan yara, ɗan shekara talatin da ɗaya, yana cewa dogarin kan iya rusa gidan da yake gadi.

Haihuwar Kalma

A watan Yuli na 1906 ya buga wata gajeriyar maƙala a mujallar likitoci ta birnin Munich, inda ya kawo shawarar sabuwar kalma. Ya ɗauko allos daga Girkanci, mai ma'anar wani daban, ya haɗa ta da ergon, wato aiki, ya samar da Allergie. Abin da yake nufi shi ne canjin da kan samu jiki wajen mayar da martani bayan ya taɓa haɗuwa da wani baƙon abu. Shi kuma baƙon abin ya kira shi Allergen, ya ba da misali da dafin zuma da na sauro, da ƙurar furanni, da ƙaguwa. Ba shi ne farkon wanda ya ga irin wannan larura ba. Tun ƙarni na goma babban likita Abubakar Ar-Razi ya yi rubutu a kan murar da ke kama wasu mutane lokacin da furen wardi ke buɗewa, kuma a 1902 Charles Richet da Paul Portier na Faransa sun ga kare ya mutu nan take bayan allura ta biyu ta wani dafin halittar teku. Abin da Firke ya yi shi ne tattara su duka ƙarƙashin suna ɗaya da dalili ɗaya.

A nan akwai darasin ilimin ma'ana ga ɗalibai. A wurin Firke kalmar tana da faɗi ƙwarai: ta ƙunshi martanin da ke cutarwa, ta kuma ƙunshi wanda ke kare mutum, kamar rigakafin da ake samu bayan an yi lamba. Richet, wanda ya sami kyautar Nobel a 1913, ya ga ma babu buƙatar kalmar. Amma mutane suka karɓe ta, suka tsuke ma'anarta ta tsaya a kan cutarwa kaɗai. Firke ya nuna rashin jin daɗinsa game da wannan tsukewa, bai kuwa iya hana ta ba. Da wannan tsukakkiyar ma'ana kalmar ta iso Hausa.

Gwajin Tarin Fuka

Ya kuma lura cewa wanda aka sake yi wa lambar agana, wurin kan yi ja cikin kwana ɗaya, saɓanin mai yin ta farko. Sai ya yi tunanin ko za a iya tambayar fata ko jiki ya taɓa haɗuwa da wata cuta. A 1907 ya ɗiga ruwan tubakulin, wanda Robert Koch ya haɗa daga ƙwayar tarin fuka, a dantsen yara, ya ɗan karce fatar. Wanda ƙwayar ta taɓa shiga jikinsa, wurin kan kumbura ya yi ja bayan kwana ɗaya ko biyu. Sakamakon da ya buga a 1909 ya nuna kashi 70 cikin ɗari na yaran Biyenna da aka gwada sun kamu da ƙwayar kafin su wuce shekara goma, fiye da kashi 90 kuma a shekara goma sha huɗu, alhali yawancinsu lafiyarsu lau. Gwajin Mantoux da asibitoci ke yi, inda ake sa ruwan cikin fata da allura, daga wannan ya samo tushe. Haka zalika shi ne ya gano cewa ƙyanda kan danne wannan martani na ɗan lokaci.

A 1909 Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta ɗauke shi farfesa, bai daɗe ba ya koma Breslau, sannan a 1911 ya gaji Escherich a shugabancin asibitin yara na Jami'ar Biyenna.

Yunwa Bayan Yaƙi

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya bar Biyenna cikin yunwa, sai hankalin Firke ya koma kan abinci. Ya ƙirƙiro ma'auni mai suna nem, wato amfanin da ke cikin giram ɗaya na madara, yana auna kowane abinci da shi. Da ma mutum ne mai son ƙera kalmomi, ya ƙera wasu da dama don auna ƙiba da ramar yaro, sai dai ba wadda ta yi tsawon rai kamar alaji. Daga 1919 shi ya jagoranci rabon abincin agajin Amurka, aka ciyar da dubban ɗaruruwan yaran Ostiriya. A ganina, da an tambayi mutanen Biyenna na lokacin, da wannan aikin za su fara ambata kafin kowace kalma.

Aikinsa na farko kuwa bai tsufa ba. Maganin gubar mashaƙo da aka yi amfani da shi a annobar da ta ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 daga jinin doki ake yin sa. Haka ma maganin saran maciji irin wanda ake bayarwa a asibitin Kaltungo ta Jihar Gombe, daga doki ko tunkiya ake samo shi. An ƙware wajen tace su fiye da da, duk da haka ma'aikatan jinya kan ajiye allurar adirenalin a kusa, su kuma gargaɗi majinyaci ya dawo in zazzaɓi da ƙuraje suka taso bayan mako guda. Sai a 1966 da 1967 masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano ainihin makamin da ke haddasa borin jini da atishawar ƙura, wanda aka sa wa suna IgE.

Rasuwarsa

A gida rayuwarsa ba ta yi daɗi kamar a asibiti ba. A 1904 ya auri Maria van Husen, 'yar Hanover ta Jamus. Danginsa ba su karɓe ta ba, rashin jituwar har ta kai su gaban shari'a a kan gado. Ita kuma ta yi ta fama da doguwar jinya, maganin barci ya zame mata jiki. An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel bai samu ba, an kuma taɓa ambaton sa cikin waɗanda suka cancanci shugabancin ƙasar Ostiriya. Ranar 28 ga Fabrairu, 1929, aka tarar da gawarsa da ta matarsa a gidansu, sun sha guba tare. Yana da shekara 54. An binne su a babbar maƙabartar Biyenna.