Granville Woods: Baƙar Fatar Da Ya Sa Hannu Cikin Gyaran Birkin Jirgin Ƙasa

Duk direban babbar mota da ya taɓa saukowa gangarar Milikin zai shiga Inugu da kaya niƙi-niƙi, ko ya doshi gadar Anacha da lodin shanu, ya san bayan ikon Allah ransa da na yaran motarsa sun rataya ne ga iskar da ke cikin tankin birki. Shi dai birkin iska tun asali domin jirgin ƙasa aka yi shi, kuma wani Baturen Amurka mai suna George Westinghouse ne ya ƙago shi cikin 1869. Amma cikin waɗanda suka ɗora hannu suka daɗa gyara shi akwai wani baƙar fata, Granville Woods, wanda ya bar duniya hannu wofi alhali kuwa manyan kamfanoni suna cin gajiyar basirarsa.

An haife shi ran 23 ga watan Afrilu, 1856, a garin Kolombos ta Jihar Ohayo. A lokacin nan ba a hana bauta a Amurka ba tukuna, sai bayan shekara tara, amma Ohayo tana cikin jihohin da ba a bauta, saboda haka shi ɗa ne aka haife shi. Bai yi nisa a makaranta ba. Tun yana yaro ya shiga koyon ƙira da aikin injuna, daga nan ya kama aikin reluwe, ya yi fayaman, watau mai zuba wa jirgi kwal, har ya kai ga tuƙi. Abin da ya sani game da wutar lantarki kuwa, galibi da kansa ya koya daga littattafai.

Cikin 1880 ya koma Sinsinati da zama. Shekara na zagayowa sai cutar agana ta kwantar da shi wata da watanni, ta bar shi ba ƙarfin yin aikin wahala irin na da. Tun daga nan ya mai da hankali ga ƙirƙira. A Amurka in mutum ya ƙago wani abu sabo, yakan kai zanensa ofishin gwamnati a ba shi takardar mallaka, yadda ba mai ikon ƙera abin nan ya sayar sai da izninsa. Woods ya sami tasa ta farko cikin 1884, a kan wani murhun tukunyar tururi. Cikin 1885 ya fito da na'urar da ke aika magana da saƙon tangarahu ta waya guda, kamfanin tarho na Bell ya saye ta.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne tangarahun jirgin ƙasa na 1887. Kafin wannan, da jirgi ya bar tasha shi ke nan, ba mai jin ɗuriyarsa sai ya isa ta gaba, kuma karon jirage ya yi yawa. Dabarar Woods ta sa jirgi yana cikin gudu ya iya aika saƙo ya kuma karɓa, ba tare da ya taɓa wayar da ke gefen hanya ba, ta hanyar ƙarfin maganaɗisu da ke tsallake tazarar da ke tsakaninsu. Wani mai suna Lucius Phelps ya ce shi ya riga, aka yi shari'a a ofishin ba da takardun mallaka, aka ba Woods gaskiya. Ana yawan ba da labarin cewa da Thomas Edison aka yi wannan karawa, amma Phelps ne takardun shari'ar suka nuna. Ko da yake haka, jaridu sun laƙaba masa sunan Edison na baƙar fata, kuma sunan ya bi shi har yau.

To, sai batun birki, wanda ya kamata a tsaya a kansa. A zamanin da, in za a tsai da jirgi sai direba ya busa usur, ma'aikata su bi ta kan rufin taragai suna murɗa birkin kowane tarago da hannu, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Da yawa a nan suka faɗo suka mutu. Birkin Westinghouse na farko ya rage wannan, amma yana da illa: in tiyo ya fashe, iska ta zube, ba sauran birki. Cikin 1872 sai ya juya abin. Ya sa wa kowane tarago ɗan tankinsa, ya zamana cikar iska a bututu ita ke sakin birki, raguwarta kuwa ita ke kama shi. Saboda haka ko tarago ya tsinke, da kansa zai tsaya. Direbobin tirela sun san irin wannan hikima, gama su ma in iska ta ƙare ƙafafun baya cijewa suke yi, ko da yake a mota sifirin ne ke yin aikin.

Duk da haka da sauran gyara. A dogon jirgin kaya iska takan ɗauki lokaci kafin ta kai labari wutsiya, sai taragan gaba su tsaya, na baya su zo su dake su. Gwajin da aka yi a Balintan ta Jihar Ayowa cikin 1886 da 1887, da jirage masu tarago 50, ya nuna wannan aibi a fili, ya kuma nuna cewa birkin da lantarki ke motsawa ya fi kamawa bai ɗaya. A cikin 1887 ɗin nan ne Woods ya sami takardar mallakar wani birki mai aiki da lantarki da maganaɗisu. Bai saki wannan fage ba. Cikin 1902 ya sami takarda a kan birkin iska mai kama kansa, sa'an nan shi da ɗan'uwansa Lyates suka ƙara fito da wasu na'urorin birki har zuwa 1905. Kamfanin Westinghouse shi ya saye su. Lalle ba Woods ne ya ƙago birkin iska ba, kamar yadda wasu ke faɗi don son ɗaukaka shi, kuma ba ya bukatar a ƙara masa da abin da ba nasa ba. Kamfanin da ya fi kowa sanin birki a duniya bai fid da kuɗinsa don tausayi ba.

Wajen sarrafa injin lantarki ma ya yi aiki mai yawa. A lokacin, in ana so a rage gudun inji sai a bi da wutar ta cikin tarin wayoyi masu tauye ta. Abin da aka tauye ba ajiye shi ake yi ba, zafi yake zama ya tafi a banza, wani lokaci har ya jawo gobara. Woods ya nemi hanyar ba inji daidai ƙarfin da yake bukata tun daga tushe. Dabararsa ta 1896 an yi amfani da ita wajen rage hasken fitilu a gidajen wasan kwaikwayo, kana cikin 1902 ya sami takardu da dama a kan sarrafa injunan lantarki. Ya kuma gyara hanyar ba jirgi wuta ta dogo na uku da ake shimfiɗawa kusa da biyun da jirgi ke bi, kamfanin General Electric ya sayi wannan cikin 1901. Ba shi ya fara dogo na uku ba, amma yana cikin waɗanda suka kyautata shi, kuma da irin wannan dogo ne jirgin lantarkin da aka buɗe a Legas cikin 2023 yake samun wuta.

Mai karatu zai zaci mutumin da ya yi wannan duka ya tara dukiya. Ina! Yana da basira, ba shi da jari, masu jari kuwa Turawa ne. Kamfanin da aka kafa da sunansa a Sinsinati na waɗansu ne, suka ɓata, ya koma Niyok cikin 1890. A can ya haɗa kai da wani James Zerbe, ya ƙera hanyar jirgin lantarki marar waya a sama, aka gwada ta a tsibirin Koni cikin 1892. Da ya ga ana neman raba shi da zanensa sai ya buga gargaɗi a jarida, Zerbe ya kai ƙarar ɓata suna, aka tsare Woods a kurkuku don ba shi da kuɗin beli, daga baya kotu ta wanke shi. Abin da ya samu wajen sayar da takardunsa, shari'a da lauyoyi sun cinye kaso mai yawa. Wariyar launin fata ta matsa masa har wani lokaci yakan ce shi mutumin Ostareliya ne, don a saurare shi.

Ya rasu ran 30 ga watan Janairu, 1910, a asibitin Halem ta Niyok, bayan jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 53 da takardun mallaka fiye da 40. Shekara shida bayan wannan, cikin 1916, dogo ya haɗa Fatakwal da Inugu domin jigilar kwal. An binne shi a maƙabartar Sen Maikel, kabarinsa ba ko alama, har sai cikin 1975 da wani masanin tarihi, M. A. Harris, ya bi kamfanonin da suka sayi ayyukansa ya tara kuɗi aka kafa masa dutse. Cikin 2006 aka sa sunansa a zauren tunawa da masu ƙirƙira na Amurka, cikin 2008 kuma aka raɗa wa wata mahaɗar titi a tsibirin Koni sunansa.