Lucky Dube: Mawaƙin da 'yan ajin 2007 suka fita sakandare da muryarsa

Kowane aji da ya gama sakandare yana da waƙoƙin da ya fita da su. Mu da muka gama a 2007, shekarar da Ghana ta cika 50 da samun 'yanci aka kuma sauya sidi aka yanke masa sifiri huɗu, hiplife ne ke tashe. Amma in ka shiga shagon aski a Nima ko wajen tela a Aboabo, ko ka hau trotro, da wuya ka sauka ba ka ji muryar Lucky Dube ba. Faifansa na ƙarshe, Respect, bai daɗe da fitowa ba a lokacin. Kafin shekarar ta ƙare sai ga labarin an kashe shi.

An haifi Lucky Philip Dube ranar 3 ga Agusta 1964 a garin Ermelo na Afirka ta Kudu, a yankin da yanzu ake kira Mpumalanga. Iyayensa sun rabu tun yana ciki. Mahaifiyarsa ta sha yin ɓari kafin ta same shi, shi ya sa ta raɗa masa Lucky, wato mai sa'a. Sai dai sa'ar ba ta zo da wuri ba. Uwar ta tafi neman aiki, aka bar shi a hannun kakarsa. Zamanin mulkin wariyar launin fata ne, baƙar fata ba ta da ƙuri'a, makarantunta kuma su ne mafi lalacewa. Tun yana yaro ya shiga aikin lambu a gidajen mutane don a samu na abinci. Da ya ga ladan bai kai ya kawo ba, sai ya kama karatu. A makaranta ya shiga ƙungiyar mawaƙa, shi da abokansa suka kafa ƙungiyarsu ta farko mai suna The Skyway Band.

Yana da shekara 18 ya shiga ƙungiyar ɗan'uwansa Richard Siluma, The Love Brothers, masu kiɗan mbaqanga da harshen Zulu. Da yake har lokacin ɗalibi ne, sai an yi hutu suke zuwa Johannesburg ɗaukar waƙa. Kasuwa ta karɓe shi, faifansa yakan sayar da kwafi kusan 30,000. Amma zuciyarsa tana wajen reggae na Jamaika, musamman na Peter Tosh da Jimmy Cliff, domin ya ga abin da suke kuka da shi daidai yake da abin da mutanensa ke ciki.

A 1984 ya gwada sa'arsa da ƙaramin faifan reggae, Rastas Never Die. Kwafi 4,000 kawai aka saya, a 1985 kuma gwamnati ta haramta shi. Wani da ya koma inda kuɗi suke. Shi kam bai koma ba. A shekarar nan ya fitar da Think About the Children, ya samu karɓuwa ƙwarai. Daga nan ƙofa ta buɗe: Slave a 1987, Together as One a 1988, Prisoner a 1989. A 1991 ya hau dandalin Reggae Sunsplash a Jamaika, gidan reggae kansa, ɗan Afirka ya mayar musu da kayansu. Victims na 1993 ya sayar da kwafi fiye da miliyan ɗaya. A 1996 aka ba shi lambar mawaƙin Afirka da faifansa ya fi kasuwa a bikin World Music Awards.

To, a nan ne abin lura yake. Iyayenmu a zango in suka ga hoton mai dogon gashi a murɗe a jikin kaset, ai sun gama yanke hukunci: ɗan wiwi ne, zai lalata yara. Ba laifinsu ba ne, sun ga abin da shaye-shaye ya yi wa samarin unguwa. Amma Lucky Dube ba ya shan wiwi, ba ya shan giya, ko sigari ba ya sha. Waƙoƙin kuma in ka natsu, faɗa ne irin na gida. Slave ba ta bautar zamanin da ba ce, labarin mutumin da giya ta bautar ce har ya rasa mutuncinsa. Prisoner tana kan yaron da ya ƙi jin maganar karatu ya ƙare a kurkuku, tana kuma zargin hukumar da ta fi kashe kuɗi kan gidajen yari fiye da makarantu. Remember Me kukan yaro ne da ubansa ya tafi birni neman aiki bai waiwayo ba. Wanda ya san yadda mawaƙin ya taso ya san daga inda wannan ta fito. Mu kuma da muke da 'yan'uwa a ci-rani, wasu shiru shekara da shekaru, ba sai an fassara mana ba.

Ƙarfinsa na biyu shi ne Turancinsa mai sauƙi ne. Ɗan aji ɗaya na sakandare yana gane shi, direban da bai yi boko mai nisa ba yana bin sa. Yara da yawa a bakinsa suka fara jin sunan wariyar launin fata kafin su same shi a littafin tarihi.

Da wariya ta faɗi a 1994, wasu sun zaci ya rasa abin waƙa. Sai ya juya kan sababbin masu mulki. Taxman na 1997 tambaya ce kan inda kuɗin haraji ke tafiya. A faifan The Way It Is na 1999 akwai Crime and Corruption, inda ya koka da fashi da kisan da suka addabi ƙasar, har mutum ba shi da tabbacin komawa gida in ya fita.

Abin da ya yi gargaɗi a kansa shi ya same shi. Daren Alhamis 18 ga Oktoba 2007, ya kai 'ya'yansa biyu gidan ɗan'uwa a unguwar Rosettenville ta Johannesburg. 'Yan fashin mota suka tare shi, suka harbe shi a gaban yaran, saboda motarsa Chrysler. Yana da shekara 43, ya bar 'ya'ya bakwai. Peter Tosh da ya yi koyi da shi ma haka ya ƙare, 'yan fashi suka harbe shi a gidansa a 1987. A 2009 kotu ta samu mutum uku da laifin kisan Dube, ta yanke musu ɗaurin rai da rai.

Ya bar faifai sama da 20 a harsunan Zulu da Turanci da Afirkans. 'Yarsa Nkulee ta ɗauki reggae tana ci gaba da shi. 'Yan ajin 2007 kuwa yau su ne iyaye, wasu malamai, wasu direbobi, wasu suna ci-rani. Waƙoƙin da suka yi rawa da su a da, yanzu da su suke magana: uban da ya tafi ya manta da gida, da wanda kwalba ta fi ƙarfinsa, da yaron da ke neman barin aji.