Andrée de Jongh: Budurwar da ta fitar da matuƙan jiragen yaƙi daga hannun Jamusawa

Idan aka tayar da zancen yaƙin Hitila a Moshi Zango na Kumasi ko a Kano, abin da ake tunawa shi ne sojojinmu da aka kai Burma, sai kuma jiragen da ake harhaɗawa a Takoradi su bi ta Kano zuwa Masar. Ba a cika jin labarin waɗanda suka ɓoye matuƙan jiragen da aka harbo a ƙasashen da Jamus ta mamaye ba. Cikin waɗannan mutane akwai Andrée de Jongh, wadda ake kira Dédée, kuma daga baya ta shafe shekaru masu yawa tana jinyar kutare a Afirka.

An haife ta ranar 30 ga Nuwamba 1916 a unguwar Schaerbeek ta birnin Brussels, ƙasar Beljiyam. Mahaifinta, Frédéric de Jongh, shugaban makarantar firamare ne. Ta tashi da labarin Edith Cavell, ma'aikaciyar jinya 'yar Ingila da Jamusawa suka harbe a Brussels a 1915 saboda ta taimaki sojoji suka tsere. Sana'ar Dédée zanen tallace-tallace ce, amma da Jamus ta mamaye Beljiyam a watan Mayun 1940 sai ta koma jinyar sojojin da suka ji rauni.

A lokacin, jiragen Birtaniya kan keta sararin Beljiyam zuwa Jamus, ana harbo wasu. Matuƙin da ya dira da lema yakan tsinci kansa a ƙasar da bai san harshenta ba. Idan aka kama shi, sansanin fursunonin yaƙi za a kai shi, amma wanda ya ɓoye shi yana iya rasa ransa. Dawo da irin wannan mutum gida babbar riba ce ga Birtaniya, domin horar da matuƙi yana cin lokaci da kuɗi mai yawa.

A watan Agustan 1941, tana da shekara 24, Dédée ta isa ƙaramin ofishin jakadancin Birtaniya da ke Bilbao a Sifaniya tare da wani sojan Birtaniya da 'yan Beljiyam biyu, bayan sun haura duwatsun Pyrénées da ƙafa. Da farko an yi zargin ko 'yar leƙen asirin Jamus ce. Daga baya Birtaniya ta yarda ta riƙa biyan kuɗin tafiya, ita kuma ta kafe a kan cewa ragamar aikin za ta zauna a hannun 'yan Beljiyam. Wannan hanya ce aka sani da suna Comète.

Duk wanda ya san yadda fataken goro suke tafiya tsakanin Gwanja da Kano zai gane tsarin. Zango-zango ake yi, kowane zango da mai masaukinsa. A Brussels a ba baƙo tufafin farar hula da takardun bogi, a hau jirgin ƙasa zuwa Paris, daga nan a gangara Bayonne da Saint-Jean-de-Luz. Cikin dare wani jagora ɗan ƙabilar Basque, Florentino Goikoetxea, zai haura da su duwatsu, su ƙetare kogin Bidassoa. Ko a Sifaniya sai an yi hattara da 'yan sandan Franco kafin jami'an Birtaniya su kai su Gibraltar. Dédée da kanta ta raka mutum 118, hanyar kuma ta fitar da kusan mutum 800 gaba ɗaya.

Masu masaukin nan ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Ranar 15 ga Janairu 1943 aka kama Dédée da matuƙa uku a wani gidan gona a Urrugne, zango na ƙarshe kafin iyaka. Mai gidan, Frantxia Usandizaga, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ta mutu a sansanin Ravensbrück. Dédée ta shaida wa masu tuhumarta cewa ita ce shugabar hanyar, amma ba su yarda budurwa za ta iya wannan aiki ba. Aka tura ta Ravensbrück, sannan Mauthausen, har aka sako ta a watan Afrilun 1945 cikin tsananin rashin lafiya. Mahaifinta, wanda ke kula da zangon Paris, an kama shi a watan Yunin 1943, aka harbe shi a Mont-Valérien a watan Maris 1944.

Bayan yaƙi Birtaniya ta ba ta lambar George Medal, amma ba ta zauna cin gajiyar suna ba. Ta kammala karatun jinya, ta tafi Kwango da ke ƙarƙashin Beljiyam ta yi aiki a asibitin kutare, daga nan ta wuce Kamaru, sai Addis Ababa a Habasha, sai Senegal. Da ƙarfi ya ƙare ta koma gida, inda Sarki Baudouin ya ba ta sarautar girmamawa a 1985. Ta rasu a Brussels ranar 13 ga Oktoba 2007, tana da shekara 90.