Ibnul Haisam, Malamin Da Ya Binciko Yadda Ido Ke Gani

'Yar uwa, ranar da ɗanki ya dawo daga makaranta yana cewa kimiyya duk ta Turawa ce, ki zaunar da shi ki ba shi labarin Hasan Ibnul Haisam.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965. Masu tarihi sun ce ya yi iƙirarin zai iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu, sai Alhakim mai mulkin Masar ya aika ya zo. Da ya je wajen Aswan ya ga ruwan da idonsa, sai jikinsa ya yi sanyi. Nilu fa ba dam ɗin Kazaure ba ne! Alhakim kuwa takobinsa a kusa yake. Sai malam ya yi haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har mulkin ya ƙare a 1021.

A tsakanin waɗannan shekarun ne ya rubuta Kitabul Manazir, juzu'i 7. Kafin shi, manyan masana da dama sun ɗauka wani haske ne ke fita daga ido ya je ya taɓo abu. Shi ya nuna haske ne ke tasowa daga abin ya shigo ido. Abin da ya fi burge ni, bai tsaya ga musu ba, gwadawa ya yi. Ya jera fitilu a waje, haskensu ya bi ta 'yar ƙofa ya faɗa bangon ɗaki mai duhu. In ya rufe fitila ɗaya, haskenta kaɗai ke ɓacewa. Ke ma kin sha ganin rana ta ratso hujin kwano, ta miƙe sambal cikin ƙura.

Ya kuma yi bayanin yadda haske ke karyewa in ya shiga ruwa ko gilashi, da yadda gilashi mai tudu ke ƙara wa abu girma. Aka fassara littafin zuwa Latin wajen 1200, tabarau kuma ya ɓullo a Italiya kafin 1300. Yau masu tsara gilashin kyamarorin masana'antu, waɗanda ke duba kwalaben magani suna wucewa a guje su tsamo mai tsaga, karyewar hasken nan suke lissafawa.

Ya ƙarasa rayuwarsa a Alƙahira kusa da Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannu yana sayarwa ya ci abinci. Ya rasu wajen 1040. Allah ya jiƙansa.