Farfesa Ishaya Audu, Likitan Jama'a

An haifi Ishaya Audu a Anchau a 1927. Ya yi makarantar mishan ta Wusasa, ya zama likitan yara. Daga 1966 zuwa 1975 shi ne shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko a wannan kujera. A zamaninsa masanan Samaru suka riƙa kai wa manoman Arewa ingantaccen irin auduga da gyaɗa, aka kuma buɗe Gidan Arewa a Kaduna a 1970 domin adana tarihinmu. Bayan ya yi minista, ya koma Samaru yana duba marasa lafiya. Ya rasu a 2005. Ɗalibai, in Allah ya kai ku jami'a, ku dawo wa Wanke da abin da kuka koyo.