Malam Aminu Kano, mai koyarwa da wasan kwaikwayo

Garin Gaya yana bakin kogin Kwara. Ranar kasuwa mutane suna zuwa daga ƙauyuka, wasu daga Benin, wasu daga Nijeriya. Kamar kowace kasuwa, wani lokaci akan ruɗi baƙauye wurin awo ko wurin lissafi, ya koma gida da hasara. Tun da daɗewa wani ɗan makaranta ya ga irin wannan cuta a kasuwar Kano, ya mai da ita wasan kwaikwayo. Sunansa Aminu.

An haifi Aminu a birnin Kano cikin shekarar 1920. Ubansa, Malam Yusufu, malami ne mai aiki a kotun alƙali. Uwarsa, Rakiya, ita ma ta yi karatu. Aminu ya fara da makarantar allo. Daga baya aka sa shi makarantar boko ta Shahuci, sannan Midil ta Kano. A 1937 ya shiga Kwalejin Kaduna.

A can ne ya fara rubuta wasanni da Hausa. Ɗaya daga ciki sunansa Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Yana nuna yadda wasu ƴan kasuwa marasa tausayi suke cutar mutanen ƙauye. Wani kuma sunansa Ƙarya Fure Take Ba Ta Ƴaƴa. Shi wannan yana yi wa masu mulki hannunka mai sanda.

Me ya sa Aminu ya zaɓi wasa? A zamanin nan manya da yawa ba su iya karatun boko ba. Jarida ba ta amfane su, littafi bai amfane su ba. Amma kowa yana da ido da kunne. Ga shi kuma talaka yana tsoron faɗar laifin babba. Cikin wasa kuwa, sai a kwaikwayi mai haɗama ko mai zalunci, jama'a su yi dariya. Bayan dariya sai tunani ya zo. A ƙasar Faransa ma haka Moliyar ya yi, wajen shekara ɗari uku kafin Aminu: ya sa mutane suna yi wa marowaci da munafuki dariya.

A 1942 Aminu ya gama kwaleji, ya zama malami a Midil ta Bauci. Can ya yi abota da Malam Sa'adu Zungur. Suka riƙa taruwa da manyan gari suna tattauna al'amuran ƙasa. A 1946 ya tafi Landan ƙarin ilimin koyarwa. Da ya komo, ya haɗa kan malaman makaranta na Arewa cikin ƙungiya ɗaya. Daga nan aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru, cikin lardin Sakkwato.

A 1950 ya bar aikin koyarwa, ya shiga siyasa. Ya zama shugaban jam'iyyar NEPU, mai kare talakawa. Amma bai bar halin malami ba. Ya yi ta yawo gari gari yana wayar da kan manoma da masu sana'a. Ya kuma dage kan a ba mata ilimi da ƴancin jefa ƙuri'a. Magoya bayansa da yawa sun sha duka da ɗauri, amma bai ja da baya ba. An zaɓe shi ɗan majalisar tarayya a 1959, daga baya kuma ya riƙe ma'aikatar sadarwa da ta lafiya.

Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga watan Afrilu 1983. Bai bar dukiya mai yawa ba. An binne shi cikin gidansa na unguwar Gwammaja. Gidan ya zama wurin nazari a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, filin jirgin sama na Kano kuma yana ɗauke da sunansa.

Tambayoyi

1. A wace makaranta Aminu ya fara rubuta wasanni?
2. Me ya sa ya zaɓi wasan kwaikwayo don koyar da manya?
3. Ku shirya gajeren wasa a kan kasuwar Gaya, ku nuna wa iyayenku.